Yadda na bi haƙƙina bayan na sauka daga kujerar majistare

Shekarun aiki ne suka cim mini, ba na haihuwa ba. Ƙa'idar aikin gwamnati ta ce ma'aikaci zai ajiye aiki idan ya cika shekara 60 a duniya ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ni kuwa da wuri na shiga. Ina gama difloma aka ɗauke ni akawun kotun yanki a 1988, ko gemu ban tara ba, saboda haka talatin da biyar ɗina ta cika a 2023, da sauran ƙarfina, idona ma bai fara gajiya da karatun fayil ba. Digirin lauya da makarantar horon lauyoyi duk ina cikin aiki na yi su, daga baya aka naɗa ni majistare, na yi ta hawa har na kai babban majistare. Sai dai agogon ritaya ba ya fara bugawa daga ranar da mutum ya hau kujerar shari'a. Daga ranar da sunansa ya fara shiga takardar albashi yake farawa, ko da sharar kotu aka ɗauke shi.

A watan Yunin wannan shekarar, ina tsakiyar haɗa takardu, Shugaba Tinubu ya sa hannu a gyaran sashe na 291 na kundin tsarin mulki. Kafin nan alƙalan Kotun Ƙoli da na Kotun Ɗaukaka Ƙara ne kaɗai ke iya kaiwa shekara 70 a kan kujera, na manyan kotunan jiha suna sauka a 65. Gyaran ya mai da su duka 70. Da labarin ya fita a rediyo har gida aka riƙa zuwa yi mini barka. Limamin unguwarmu ya tare ni bayan sallar isha'i, ya ce, "Mai shari'a, ashe an ƙara muku wa'adi. To, Allah ya taya riƙo." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ba da mu ake ba." Ya tsaya yana kallona, don a wurinsa alƙali alƙali ne.

A wurin kundin tsarin mulki kuwa ba haka ba ne. Sashe na 318 ya jera waɗanda yake nufi ɗaya bayan ɗaya: Alƙalin Alƙalai da alƙalan Kotun Ƙoli, na Kotun Ɗaukaka Ƙara, na Babbar Kotun Tarayya, na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, na manyan kotunan jihohi da Abuja, da alƙalan kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci da na gargajiya. Babu majistare a ciki, babu alƙalin ƙaramar kotun shari'a ko ta yanki. Mu hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha ce ke ɗaukarmu, ita ke ƙara mana girma, ita ke ladabtar da mu, babban jojin jiha ne shugabanta. In an zo fansho, layi ɗaya muke bi da malamin gona da akawun ma'aikatar ruwa. Ina da aboki da muka zauna aji ɗaya a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sa'ana ne, yanzu yana babbar kotu. Shi sai ya cika 70, kuma in ya sauka tsarin mulki ya yanka masa albashinsa na ƙarshe da alawus-alawus ɗinsa har ƙarshen rayuwa, gyaran 2023 ya kuma ɗauke biyan daga hannun gwamnoni ya miƙa wa NJC, majalisar kula da harkokin shari'a ta ƙasa. Ba na yi masa hassada, ya cancanta. Amma duk wanda ya san kotu ya san inda talaka ke fara haɗuwa da shari'a: satar waya, faɗan maƙwabta, rikicin haya, bashi, neman beli. A gabanmu ake yinsu, daga safe har la'asar, a ɗakin da fanka ba ta juyawa.

Matakin farko shi ne takardar sanarwa, wadda ake rubuta wa hukuma watanni kafin ranar. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni barci shari'o'in da na riga na fara saurare ne. Idan majistare ya sauka bai yanke hukunci ba, wanda ya gaje shi ba zai ɗora daga inda aka tsaya ba, sai an koma farko, a sake kiran shaidu, domin bai ga fuskokinsu ba lokacin da suke magana. Ga mutumin da ke zaman jiran shari'a a gidan yari wannan ƙarin watanni ne, wani lokaci shekara. Na roƙi a daina turo mini sababbin ƙararraki, na riƙa rubuta hukunci da dare. Lauyoyi kuma sun san ranar tafiyata sarai. Akwai wanda ya ga alamar shari'a ba ta yi masa daɗi ba, ya dinga neman a ɗage: yau ciwon kai, gobe yana wata kotu, jibi shaidarsa ya yi tafiya. So yake a ja ta har in tafi, ya samu sabon zubi. Na ba shi rana ta ƙarshe, na rubuta a littafi cewa in bai zo ba za a rufe masa. Ya zo.

Daga nan sai takardar wanke kai, wadda kowane sashe zai sa hannu cewa ba ya bin ka komai. Laburare ya nemi littattafan rahoton shari'a da na ara, akanta ya duba bashin mota da rasiɗan tara, ƙungiyar adashin ma'aikata ta duba nata. Ɗakin kayan shaida ne ya ci mana lokaci. Ni da rajistara muka zauna da littafi muna bin kaya ɗaya-ɗaya: wuƙaƙe da adduna masu tsatsa, babur ba taya, wayoyin da aka daina yayinsu, buhun gero da ƙwari suka mai da shi gari. Har muka ci karo da takardar wata akuya da aka ba wani mai unguwa ajiya tun kafin a kawo ni wannan kotun. Da aka aika masa, ya ce akuyar ta mutu tuntuni, amma jikokinta na nan, wanne za a rubuta?

Takardun da ake nema ba su da wuyar faɗa: takardar ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa, duk na ƙarin girma, ta haihuwa ko rantsuwar shekaru, tarihin aiki, takardar albashin ƙarshe, hotuna, sunan magaji. Hukuma ta zauna ta amince da ritayata, aka buga lissafi, aka tura fayil ofishin odita. A can ya maƙale.

Da na je bin sawu, wani matashin jami'i ya buɗe fayil ɗin, ya nuna mini wani wuri da jan biro. "Ranka ya daɗe, daga nan zuwa nan ba mu ga inda kake ba." Shekarun da na yi a jami'a yake nufi. Da izini na tafi, hutun karatu da albashi aka ba ni, amma takardar izinin ba ta cikin fayil. In babu ita, a wurinsu na bar aiki ne na dawo, kuma shekarun nan ba za su shiga lissafi ba.

Sai mutum ya san jadawalin zai gane nauyin maganar. Kowace jiha da dokarta ta fansho. Tarayya ta koma tsarin asusun kowa da kansa tun 2004, dokar 2014 kuma ta sa ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 8 cikin ɗari, gwamnati kashi 10, wasu jihohi sun bi. Tamu har yanzu da tsohon jadawali take lissafi. Wanda ya yi shekara 10 yana da fansho kashi 30 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe, da garatuti na albashin shekara guda. Kowace shekara bayan nan tana ƙara kashi 2 a fansho, kashi 8 a garatuti, har a kai shekara 35, inda fansho ke tsayawa a kashi 80, garatuti a kashi 300. To, in an zare mini shekara biyar, kashi 10 ke nan ya fita daga abin da zan riƙa karɓa kowane wata har in mutu, ga kashi 40 daga garatuti. Na ce da yaron, "Ɗana, da za a cire ni daga aiki shekarun nan an ƙirga su, sun cika 35 cif. Yanzu da za a biya ni ne suka ɓace?" Ya yi murmushi, ya ce shi abin da ke cikin fayil yake bi. Kuma gaskiyarsa. Na shekara ashirin da wani abu ina gaya wa masu ƙara cewa kotu ba ta aiki da abin da ba a gabatar mata ba.

Dalilin ɓatan takardar ma tarihi ne. Bayan 2000, lokacin da jihohin Arewa da dama suka mai da kotunan yanki kotunan shari'ar Musulunci, an raba ma'aikata, an raba ofisoshi, an raba fayiloli. Ni na riga na koma ɓangaren majistare, aka buɗe mini sabon fayil, tsohon kuwa ya bi kotunan yanki zuwa ɗaya ɓangaren. Duk wanda na tambaya a can yaro ne, lokacin da aka yi rabon yana firamare. Wata mai buga takardu ce ta ce in nemi Baba, tsohon masinjan rajista, wanda ya daɗe da yin ritaya.

Na same shi a ƙofar gidansa yana gyaran tabarma. Da na gabatar da kaina ya ce, "A'a, ɗan akawun nan mai keke? Ranka ya daɗe, ashe kai ma an kai." Washegari ya sa hularsa muka tafi. Sito ne a bayan ginin, an tara fayiloli har kusa da rufi, ƙura ta yi musu bargo, gara ta ci na ƙasa. Baba karatun bokonsa bai wuce lambobi ba, amma ya san cewa fayilolin waɗanda aka ɗauka a ƙarshen shekarun 1980 masu ruwan ƙasa ne, da koren zare aka ɗaure su, kuma shi da hannunsa ya jera su ta gefen taga ranar da aka kwaso su a akori-kura. Ya sa aka sauke ɗauri uku. A na biyu sunana ya fito. Takardar na ciki, kwafi ce mai shara-shara, bugun tafireta, harafin ya dushe amma sa hannu da hatimi suna nan. Na ba shi abin goro, ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah. A hanyarmu ta komawa ya gaya mini nawa yake karɓa a wata. Ba zan rubuta ba. Ba zai sayi buhun masara ba.

Albashi dai a watan da na sauka ya tsaya, ko kwana bai ƙara ba. In ma an yi kuskure an biya mutum wata guda bayan ranarsa, za a zare daga garatuti. Fansho kuwa sai fayil ya gama zagayensa. Tsakanin nan babu komai, kuma ya zo daidai da cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. Mutane na ganin majistare ba zai rasa abin faɗawa ba. Dokar ɗa'ar ma'aikata ta hana ma'aikaci mai cikakken aiki gudanar da kasuwanci in ba noma ba, mu kuma abin ya fi tsanani, domin ɗan kasuwar da ka ci bashinsa yau gobe yana iya tsayawa a gabanka. Na yi shekaru ina kauce wa mutane saboda kujera, ban je ɗaurin auren wasu ba, ban karɓi ko kwandon mangwaro ba. Ranar da na sauka sai ga shi ba ni da shago, ba ni da abokin ciniki, sai 'yar gona da hatsin bara. Uwargida ta sayar da tumakinta muka biya kuɗin makarantar autanmu.

Aka kira mu tantancewa. Rumfa ce da benci, kowa da farar leda cike da takardu, ana kiran lamba, a ɗauki hoto, a dangwala yatsa, a haɗa da BVN da NIN. Tsofaffi da yawa na'urar ba ta karɓar yatsunsu, sai an shafa musu ruwa ko man shafawa a sake gwadawa. Da aka ji ni majistare ne sai benci ya koma ofis, kowa na miƙo takardarsa in duba masa. Na gaya musu abin da sashe na 210 ya ce: ba a riƙe wa ma'aikacin jiha fanshonsa ko a rage shi sai yadda doka ta yarda, ba a cire masa haraji, kuma dole a sake duba shi duk shekara biyar ko duk lokacin da aka gyara albashin ma'aikata, wanda ya riga zuwa. Wani tsohon hedimasta ya gyara tabarau ya ce, "To Mai shari'a, tunda doka ta faɗa, ina za mu kai ƙara?" Na ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ita ke da hurumin shari'ar fansho. Ya ce, "In mun ci fa?" A nan na ɗan yi shiru, domin na san amsar. Tsohuwar dokar aiwatar da hukunci ta ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai an nemi yardar Antoni Janar, wato lauyan wanda ka kayar. Da na faɗa masa ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri."

A cikin wannan tsakanin, aljihu a bushe, aka kawo mini tayin kwantiragi: in koma kujera na shekara biyu, in an ga dama a sabunta. Na karanta takardar da kyau. Shekarun kwantiragin ba za su ƙara ko kwabo a fansho ba, kuma sabuntawa na hannun wanda ya ba da ita, ba sai ya faɗi dalili ba. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Amma na san irin wayar da ake bugo wa majistare idan an kawo masa yaron wani babba, ko wanda ya zagi wani babba a Facebook. Lokacin da nake da cikakken aiki ina iya cewa a'a, iyakaci a tura ni ƙauye, kuma an taɓa turawa. Wanda abincinsa ke rataye a sa hannun da za a yi bayan wata ashirin da huɗu, a'arsa ba za ta yi ƙarfi haka ba. Ban ce duk mai kwantiragi yana lanƙwasa ba, na san waɗanda suka yi suka gama da mutuncinsu. Ni dai na san zuciyata da nauyin gidana.

Ba mu kaɗai ke da alƙalai masu wa'adi ba. Lokacin da ƙungiyarmu ta majistarori ta sa ni cikin masu rubuta takardar koke, na karanta yadda Amurka ta yi da nata. A can manyan alƙalan tarayya har mutuwa ake naɗa su, amma majistarorin tarayya wa'adin shekara 8 ake ba su, alƙalan shari'ar karyewar arziki kuma shekara 14, in ya ƙare a sabunta ko a ƙi. A 1988 majalisarsu ta yi musu dokar fansho ta musamman. Wanda ya yi shekara 14 ya kai 65 zai riƙa karɓar daidai albashinsa. Wanda ya gama wa'adi guda, ya rubuta cewa yana son ci gaba amma aka ƙi sabunta masa, ba ya tashi a tutar babu: in ya kai 65 za a ba shi gwargwadon shekarunsa a cikin sha huɗu, mai shekara takwas ya samu kashi takwas cikin sha huɗu na albashinsa ke nan. Abin da ya burge ni ba yawan kuɗin ba ne. Sun gane cewa in za ka ba alƙali wa'adi, sai ka cire masa tsoron ranar da wa'adin zai ƙare. Mun sa wannan a takardarmu, tare da misalin malaman makaranta da dokar 2022 ta kai su shekara 65 ko 40 na aiki, da farfesoshi masu kaiwa 70. Mun kuma tuna musu majistarorin Kalaba da suka fito zanga-zanga a Janairun 2021 saboda albashin shekara biyu. An karɓi takardar, an buga mata hatimi.

Na mayar da tayin kwantiragin da godiya.

Fansho ya fara shigowa bayan watanni, wata safiya alat ya faɗo, aka biyo da ariyas daga baya. Garatuti kuwa layi ne, ana biya rukuni-rukuni bisa shekarar da mutum ya sauka, kuma akwai waɗanda suka riga ni da shekaru suna jira. Kuɗin da aka rubuta mini a 2023 shi za a ba ni duk ranar da aka zo kaina, ba ruwansa da abin da buhun siminti ya koma. A 2024 aka yi dokar da ta ninka albashin manyan alƙalai da kashi 300, aka kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ta farkon ba ta shafi majistare ba, ta biyun kuwa muna nan muna tuna musu sashe na 210.

Abu ɗaya ne rashin shiga jerin nan na sashe na 318 ya bar mini. Sashe na 292 ya hana duk wanda ya taɓa zama babban alƙali tsayawa a gaban kowace kotu a matsayin lauya bayan ya sauka. Abokina na babbar kotu ba zai sake sa rigar lauya ba har abada. Ni ban shiga wannan hanin ba, in dai ba shari'ar da na taɓa zama a kanta ba ce. Na biya kuɗin aikin lauya na shekara kafin ƙarshen Maris, na karɓi hatimina, na kama ɗaki ɗaya a saman wani kantin magani. Ranar da na fara tsayawa, a gaban wata yarinya ce da na koya wa rubuta bayanin shaida lokacin da aka kawo ta sabuwa. Na miƙe na ce, "Ranki ya daɗe," ta sunkuyar da kai tana rubutu don kada a ga fuskarta, sannan ta ƙi roƙon da na yi, kuma daidai ta yi. Yawancin masu hawo mini bene yanzu 'yan fansho ne, hedimastan nan ma ya zo da mutum huɗu. Kusan dukkansu sun ce za su biya kuɗin lauya in garatuti ya fito.